Wa Ke Buɗe Masu Ƙofa?

Jama'a, kafin wani ya fara yi mani "an je Kano an waye", ku sani ni ban ce zan je ba. Ja na aka yi, kamar akuyar da za a kai kasuwa. Da asuba muka tashi, liman na sallamewa yayana ya cafke mani hannun riga a bakin masallaci, wai kada in sulale. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, haka na bi shi har bakin titi ina ɗingishi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne mai bakin nan na gidan kallon Ƙofar Kaura. Ranar da ba ƙwallo sai a sa fim ɗin Turawa, a rage murya, in tsaya gefen talabijin ina gaya wa mutane abin da ake cewa. Turancin nawa na aji uku ne na sakandare, shi ma ban kai ƙarshenshi ba, amma ido gare ni. Bature na buɗe baki na san ko zagi zai yi ko roƙo. Abin da ban ji ba in cike da nawa, kuma har yau ba wanda ya ce a maido mashi da kuɗinshi.

To wani ɗan neman magana ne ya ɗauke ni a waya ina wannan aiki, ya watsa. Abu ya yi yawo har ya kai ga wani mai situdiyon fassara fina-finai a Kano, ya nemi yayana, ya ce a kawo ni a gwada. Babanmu na jin haka ya yanke hukunci: ko in kama aikin Kano, ko in tafi gidan bulon kawunmu a Kambarawa in riƙa ɗora bulo a ka. Ya ce surutu ba sana'a ba ne sai ranar da aka biya ka. Ni kuwa na taɓa ɗaukar bulon kawu na yini guda, sai da wuyana ya yi sati bai juya ba. Kun ga ke nan abin da ke gabana.

A tasha muka sha koko da ƙosai. Ƙosan zamanin nan, Allah na tuba, in ka yi atishawa kusa da faranti sai ka neme shi ka rasa. Kuɗin mota kuwa da ɗan kamasho ya faɗa, yayana ya ce mashi, "Malam, Kano fa na ce, ba Makka ba." Aka yi ta ja har aka daidaita. Ana ta kiran saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya, muna shiga sai mutum biyu da ke zaune ciki suka fita suna hamma, ashe 'yan cika ido ne. Sai da rana ta fito sosai sannan mota ta cika, gaba biyu baya huɗu. Ni aka matse tsakanin yayana da wata Hajiya mai jiki wadda ta ɗora mani kular abincinta a cinya ba tare da ta tambaye ni ba.

Tunda mota ba ta tashi da wuri ba, bari in gaya maku fim ɗin da ya jawo duk wannan. Kashi-kashi ne, mu Ganuwa muke ce mashi, don sunan Turancin ya fi ƙarfin harshenmu. Wai duniya ta lalace, saura gari ɗaya, an zagaye shi da ganuwar ƙarfe mai ƙofofi kamar na garinmu. A waje akwai wasu halittu masu dogon hannu, ba magana, ba wayo, sai ci. A ciki akwai wani mai fararen kaya, shi ke mulki, shi ke karɓar harajin gyaran ganuwa. Duk unguwar da ta fara ƙorafin haraji, ba a daɗewa sai halittun nan su shigo ta ƙofarsu su cinye rabin mutane. Gari na wayewa mai fararen kaya ya zo jaje da buhunan abinci, ya share hawaye da hankici, ya ƙara haraji.

Fim ne mai daɗi, amma ƙaryarshi ta fi kasuwar 'yan gwanjo yawa. A kashi na ɗaya halittun tsoron ruwa suke, har aka haƙa rami aka cika da ruwa aka zagaye gari. A kashi na uku sai ga su suna iyo kamar ɗiyan Sarkawa masunta. Jarumin ya mutu a na biyu, da idonmu muka ga an binne shi, a na huɗu ya dawo da gemu, wai ashe tagwaye ne. Harsashi ba ya ƙarewa sai yarinyar fim ɗin ta zo gab da dodo. Duk wannan ina yafe masu, da shi nike cin abinci. Wadda ban yafe ba ita ce ta ƙofa. Halittun da ko marfin tukunya ba su iya ɗagawa, ta yaya suke shiga ƙofar ƙarfe, kuma da safe a nuno ƙofar ko lotsawa ba ta yi ba? Kashi huɗu ana wannan. Ni dai in an zo wurin sai in ce darakta ne ya tafi fitsari, gida ya kwashe da dariya.

Mutum ɗaya ne ba ya dariya. Baba mai rake, wani dattijo da ke zama a bakin gidan kallon. Daga wani ƙauye ya zo can yamma, bayan abin nan da kuka sani ya faɗa masu, bai fito da komai ba sai jikoki biyu da wuƙar fere rake. Ba ya shiga ciki, ta ƙofa yake leƙe. Duk ranar da aka sa fim ɗin nan, in an tashi sai ya kira ni ya ce, "Ɗana, wa ke buɗe masu?" In ce Baba fim ne. Ya ce ya ji, amma wa ke buɗe masu? Ana gobe za mu tafi ya yanko mani gaɓa biyu masu zaƙi, ya ce an ce Kanawan nan su ke da kashi na biyar, in gano mashi.

Muka kama hanya. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo, ko'ina kore shar. Titin kuwa kun san halinshi, nan sabo sumul kamar faranti, can a ce ku karkata ku koma tsohon hannu, ku yi ta gaisawa da tireloli hanci da hanci. Direbanmu irin waɗanda ke tuƙi da hannu ɗaya ne, ɗayan na riƙe da goro. Kafin Charanchi mun wuce shinge ya fi a ƙirga. A kowane sai direba ya rage gudu, ya miƙa hannu a dunƙule kamar mai gaisuwa, ya dawo da shi a buɗe. Wani malami da ke gaba ya ce ai don tsaronmu ne. Na ce gaskiya ne Malam, harajin gyaran ganuwa ke nan. Ba wanda ya gane sai yayana, ya sakar mani gwiwar hannu a haƙarƙari.

A Kankiya masu talla suka yanyame mu, dafaffiyar gyaɗa, gasasshiyar masara, awara mai yaji, da ƙosai ƙanana irin na tasharmu. Hajiya ta sayi masara uku ta cinye biyu da rabi, ta ba ni rabin da ya ƙone, ta ce in ci albarkacin riƙon kula. Na karɓa, yunwa ba ta san zuciya ba. Muka wuce Gidan Mutum Ɗaya, garin da ko a bakin titi kaɗai na ga mutane sun fi ɗari, muka shiga ƙasar Kano ta Tsanyawa. Daga Bichi mota ta fara yawa. A Dawanau kuwa buhunan hatsi na gani an jibge kamar duwatsu, na ce oh, ashe abincin yana nan, mu ne dai ba ya zuwa wajenmu.

Kano ta karɓe mu da hayaƙi da ihun hon. Muka hau adaidaita sahu, mai shi na jin na ce "kai mu wajen da aka kwatanta mamu" ya waigo ya ce, "A'a, Katsinawa ne. An zo da kunyar ko an baro ta a gida?" Na ce mun zo da ita, mun ji an ce nan ta yi tsada. Ya yi dariya har ya kusa hawa kan mai lemo.

Situdiyon a saman wani bene yake, ɗaki ƙarami, an manna kwalayen ƙwai a bango wai don kada murya ta yi amo. In za a ɗauki magana sai a kashe fanka, ku yi ta tsiyaya kamar ƙanƙara a rana. Ogan wurin mutum ne mai fara'a, tumbi gaba, ya sa aka kawo mamu gurasa da tsire tun kafin mu zauna. Gaskiya gurasar Kano ba ta da abokin gardama, wannan na ba su. Ya nuna mani yadda suke aiki: yaro mai kwamfuta ya kashe muryar Bature, kai kuma ka sa abin ji a kunne, ka kalli bakinshi, ka cusa Hausa daidai inda ya buɗe ya rufe. Mutum ɗaya sai ya yi muryar tsoho da ta yaro da ta dodo.

Aka sako mani kashi na biyar, wurin da jarumin mai gemu ke gudu halitta na bin shi. Na sa mashi, "Wayyo Inna, da na sani da tagwayen nawa na turo!" Mai kwamfuta ya kife a kan tebur. Oga ya buga cinya ya ce, "Shi ke nan, Bakatsine, ka samu aiki. Akwai ɗaki a ƙasa, akwai abinci." Ya faɗi albashi. Ba zan gaya maku ba don kada ku tsine mani, amma yayana nan take ya koma ce mashi ranka ya daɗe. Ni ma, ba ƙarya, zuciyata ta ce bulo sai wata rana.

Sai oga ya ce saura wuri ɗaya, a gwada ni a kai mu rufe magana.

Aka sako. Ga ƙofar ƙarfe, ga masu gadi. Sai ga mai fararen kaya ya zo shi kaɗai, ya ɗaga masu hannu suka watse. Ya ciro mabuɗi daga wuyanshi, ya murɗa, ya zare sakata, ya tura ƙofar kaɗan. Ya goge hannu da hankicin nan da yake share hawaye da shi, ya juya ya tafi. Ko kalma ɗaya bai ce ba.

Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Kashi huɗu ina cewa darakta ya tafi fitsari, ashe daraktan nan ya fi ni iya shege, ajiye mu ya yi. Ƙofa ba ta lotsa ba don ba a taɓa fasa ta ba. Duk unguwar da aka cinye, mai karɓar kuɗin gadinta ne ya miƙa ta. Baba mai rake ya faɗo mani a rai.

Oga ya ce, "Yawwa. To nan za mu ɗan gyara. Yaro zai juya hoton baya-baya, sakatar ta zama shiga take ba fita ba. Kai kuma ka sa masa magana a zuci, ya ce: wane mara imani ne ya bar ƙofar nan a buɗe, bari in kulle in ceci bayin Allah."

Na ɗauka wasa yake. Na ce, "Oga, in ya kulle, ta ina suka shigo? Ga su nan fa a gaba suna cin mutane."

"Sai ka ce ƙaddara."

"In aka juya hoton ai da baya zai riƙa tafiya."

"Wajen sakatar kawai za mu juya. Kai, Bahaushe kunnensa yake bi, ba idonsa ba. Abin da ka faɗa masa shi ya gani."

Sannan ya rage murya ya yi mani bayani. Akwai wani Alhaji da ke ɗaukar nauyin fassarar, sunanshi ne ke gudu a ƙasan hoto, waƙarshi ake sakawa a tsakiyar fim. Kujera yake nema. Kullum cikin fararen kaya yake, kuma kwanan baya an yi ta yawo da hotonshi ya je jaje wani gari da buhunan shinkafa. Yaranshi sun kalli kashi na biyar, sun ce a gyara wurin nan ko a nemi wani mai biya. Oga ya ce, "Ni ban ce shi ne ba, kai ma ba ka ce ba. Amma ka san yaran waya, yanka wurin za su yi su haɗa da hotonsa. Dubi ɗakin nan, duk a nan suke ci. Ka taimake ni in taimake ka."

Ban ga laifinshi can-can ba, mutum ne mai iyali. Yayana ya matso ya ce mani a kunne, "Don girman Allah ka faɗa mu tafi. Layi ɗaya ne."

Na sa abin ji a kunne. Aka kashe fanka. Mai fararen kaya ya ciro mabuɗi, ya murɗa. Na gyara murya irin ta manya, mai sanyi, mai tausayi, na ce:

"Bismillah, ku shigo ku ci. Ni sai da safe zan zo jaje."

Mai kwamfuta ya yi wata irin dariya har abin kunnenshi ya faɗi ƙasa, ya tuna oga na nan ya maida ta tari. Oga bai yi dariya ba. Ya ce a sake. Yayana ya taka mani ƙafa da duk nauyinshi. Na cire abin kunnen na ajiye a hankali, na ce, "Oga, ka yi haƙuri. Ka sa ni in ce dodo ɗan Fagge ne, zan faɗa. Ka sa ni in ce jarumi ya mutu sau bakwai, zan faɗa. Wannan ɗaya ce ba ni iyawa. An ce Katsinawa kunya gare mu, ba tsoro ba, to kunyar ce ta kama ni. Akwai tsohon da ke jira na da amsa a bakin gidan kallo, ba ni iya kallon idonshi in ce mashi kullewa aka yi."

Oga ya girgiza kai. Ya ce, "Kana da baki, amma ba ka da rabo. Ka gaida Katsina." Ya ba mu kuɗin mota duk da haka, ya sa aka ƙunshe mamu sauran gurasar. Shi ya sa ba za ku ji na zage shi ba.

Dawowa ba ta yi daɗi ba. Tun daga benen har Bichi yayana bai ce mani ci kanka ba, ko da muka tsaya la'asar sahu daban ya shiga. Na miƙa mashi gurasa ya kawar da kai, na cinye abina. Bayan Tsanyawa hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, ashe abin share gilashin motar ɗaya ne ke aiki, shi ma na gefen fasinja. Direba ya riƙa leƙo kai ta taga yana taka mota, don kowa so yake a shiga gari kafin duhu. Ba wanda ya faɗi dalili, ba wanda bai san shi ba. Da fitilun Katsina suka bayyana sai na ji motar gaba ɗaya ta sauke numfashi, wata tsohuwa ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Abin da tafiyar nan ta koya mani ba shi da yawa. Ƙosai ya ƙanƙance ko'ina, ba garinmu kaɗai ba. Kada ka zauna kusa da mai kula. Sannan in ka ga labari ya ƙi haɗuwa, an ce ga ganuwa, ga masu gadi, ga haraji ana biya, amma kullum ana shigowa, to kada ka yi saurin cewa mai labarin ne ya yi mantuwa. Ka duba wuyan wa mabuɗi yake.

Kafin in shiga gida na biya ta gidan kallo. Baba mai rake na haɗa kayanshi. Na tsuguna na ce, "Baba, na gano. Mai fararen kayan ne, da mabuɗinshi." Bai ɗago ba, ya ci gaba da goge wuƙa da gefen riga. Ya ce, "Na sani, ɗana. So nike in ji ko za su faɗa." Ya miƙo mani guntun rake, ya ce in je gida an yi magariba.

Bulo kam ina ɗauka, ba sai kun tambaya ba. Da yatsa ɗaya nike rubuta maku wannan, sauran sun kumbura, kawu kuma ya ce in na ƙara yi wa lebura fassarar maganar injin zai rage mani kuɗin yini. Ranar da ba ƙwallo ina nan gefen talabijin, kashi na biyar in ya iso ku zo ku ji shi yadda yake.

Amma ga yadda aka ƙare a gida. Na tarar yayana ya riga ni, yana tsaye a zaure gaban babanmu yana zuba, hannu na tashi sama. Ina shiga ya juyo kaina.

"Ga shi nan, Baba, tambaye shi! Aiki da ɗaki da abinci ya zubar saboda dodo! Kai wane irin mutum ne? Fim ne fa! Turawa suka zauna suka shirya ƙaryarsu, ba garin, ba ganuwar, ba mai fararen kayan. Ƙarya ce tun daga farko har ƙarshe, don ka ƙara mata layi ɗaya me zai ragu?"

Baba ya dube ni, ya ce, "Ka ji abin da yayanka ya ce. Kana da magana?"

Na ce, "Guda ɗaya ce, Baba. Yaya, in ƙarya ce, me ya sa Alhajin ke biya a gyara ta?"